Gwaggo Ladi da Akwatin Hayaniya

Tun da na dawo daga Kwatano ba ni da sakat. A majalisarmu ta Fagge, a bakin masallaci, har a layin shan mai, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Injiniya, yaya ƙasar waje?" kamar wanda ya je Landan, alhali mota ce ta kai ni, ta kuma dawo da ni da ciwon baya. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta. Zan faɗi abin yadda na gan shi a lokacin, ba yadda na gane shi daga baya ba.

Abin da ya kai ni taro ne na ɗaliban injiniya na ƙasashen yankinmu. Farfesoshi uku za su saurari aikin kowa, su zaɓi mutum biyu a ba su gurbin yin digiri na uku a waje. Akwai iyakar shekaru, ni kuwa saura mini wata biyar in haure ta. In ban samu bana ba, shi ke nan, an yi ba ni.

Aikin nawa ba shi da wuyar fahimta, mutane ne ba sa tsayawa su ji. Wayar iska ba ta da rufin asiri. Duk abin da ka aika bazuwa yake yi, mai kunne ya ji. In mai karɓa yana nesa, sai a sa wata na'ura a tsakiya ta karɓi saƙon ta miƙa gaba, ka ga ke nan an ba mai laɓe dama sau biyu. An saba kulle saƙo da lambobin sirri, mu kuwa a fanninmu so muke iskar da kanta ta hana mai laɓe ji. Dabarar da na yi shekara huɗu a kanta ita ce a samu na'ura ta uku, wadda saƙon ba nata ba ne, ta riƙa watsa hayaniya ta ɓangaren mai laɓe daidai lokacin da ake miƙa saƙon. Mai karɓa ya san irin hayaniyar tun farko, sai ya tace ta ya yar. Mai laɓe kuwa ba abin da zai ji sai shuuu.

Akwatuna uku masu eriya na haɗa don gwaji: mai aikawa, mai miƙawa, da mai hayaniya. Na ukun Baba ne ya liƙe mini shi da dalma yana kwance a kan gado. Mai gyaran rediyo ne, shekara arba'in a shago ɗaya a Sabon Gari, jikin shagon Oga Emeka mai sayar da kayan gyara. Wata biyu ke nan yana jinya, ƙafafu sun kumbura. Na ce masa zan fasa tafiyar.

"In ka zauna, kai ne likita?" in ji shi. "Tashi ka tafi. In ka fasa saboda ni, ban yafe ba."

Sannan ya yanke hukuncin da ya jawo mini duk abin da zan ba ku labari. Ya ce in bi ƙanwarsa, Gwaggo Ladi, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wadda ke zuwa saro kaya Kwatano kamar mai zuwa kasuwar Kurmi. Wai ta san hanya.

Wanda bai san Gwaggo Ladi ba, ya taɓa jin muryarta bai dai san tata ba ce. In ta yi sallama a ƙofar gidanmu, maƙwabta ne ke fara amsawa.

Doguwar bas muka hau a Sabon Gari. Tun ba mu tashi ba ta yi faɗa da kwandasta don ya so cusa akwatunana a ƙasa tare da buhunan albasa, ta yi faɗa da wani don ya buɗe taga, ta sake yin faɗa da shi don ya rufe. Wani mai tallar maganin basir ya miƙe zai fara bayani, ta tambaye shi in shi ya warke. Mutumin nan bai sayar da ko kwalba ɗaya ba, a Zariya ya sauka. Na sunkuyar da kai ina duba takarduna, ina fatan kada a gane tare muke, sai ta ɗaga murya ta sanar da duk motar cewa ni ɗan yayanta ne, injiniya ne, kuma har yanzu ban yi aure ba.

Wajen Kaduna ta ce in faɗa mata me ke cikin akwatunan. Na yi mata bayani a hankali, yadda na yi muku. Ta tsaya tana kallona.

"Wannan ne ka yi shekara huɗu kana karantawa? Kai, Injiniya! Ai mu a Kwari kullum sai mun yi. In maƙwabciyata za ta raɗa wa 'yarta ƙarshen farashi, ga dillali tsaye ya baza kunne, ni nake tayar da faɗa da mai shayi. Yarinyar ta saba da muryata, ba ta hana ta ji. Dillali kuwa sai ya tafi da labarin shayi."

Na ce mata ba ɗaya ba ne, nawa akwai lissafi. Ta ce nata akwai riba. Ban sake kula ta ba har muka wuce Lakwaja, ita kuwa ba ta lura na daina kula ta ba.

An ce soja sun koma bariki shekara goma da suka wuce, amma shingayen hanya ba su samu labari ba. Na ƙirga har na gaji na bari. Muka shiga Legas da hantsi, ƙafafuna sun yi nauyi, muka sake wata mota zuwa Seme, bakin iyaka. Kafin mu kai boda na kira gida. Baba ya karɓa da kansa, muryarsa can ƙasa. Bai tambayi hanya ba, cewa ya yi, "Akwati na uku, kar ka bar shi a rana. Batirinsa ne ke fara ƙarewa, shi ya fi shan wahala." Na ce to. Muna ƙara gaba kaɗan sabis ya ɗauke, don layina ba ya aiki a can.

A boda na kusa janyo wa kaina. Wani mai kaki ya buga wa fasfo hatimi, ya duba katin rigakafi, sai idonsa ya faɗa kan eriya. Ya ce mene ne wannan. Ni kuma, da yake an taɓo inda nake so, na gyara tsayuwa na fara yi masa bayanin aika saƙon sirri da toshe kunnen masu saurare. Ina gani fuskarsa ta canja, ya ɗaga hannu yana kiran abokin aikinsa. Gwaggo ta taka mini ƙafa da dukan nauyinta.

"Rediyo ce, ranka ya daɗe! Ɗan mai gyaran rediyo ne, dubi yatsunsa duk ƙunar dalma. Boko ne ya yi masa yawa, ba ya iya magana kamar mutane."

Ta bi shi da surutu, Hausa, Yarbanci, da wani Faransanci na kasuwa, har mutumin ya gaji ya kore mu da hannu. Na tsallaka ƙasar mutane ina ɗingishi, an kuma shaida wa hukuma cewa ba ni da cikakken hankali. Ban gode mata ba.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya suke sawa mai ruwan ɗorawa da lamba a baya, ba kamar namu ba da kowa ke fitowa da abin da ya kwana da shi. Mata na tuƙa babur da kaya a ka, ba mai waiwayawa. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar zuma. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da rana ta take sai a rufe ofisoshi a tafi barci. Na je wurin taron don in yi rajista, na tarar da ƙofa a kulle, mai gadi yana kwance ya ce in dawo ƙarfe uku. A Kwari wanda ya rufe shago da azahar don barci, kafin la'asar an fara zuwa duba shi.

A Zango, unguwar Hausawan garin, muka sauka, gidan wata Bayarbiya, Alhaja Sikira, wadda yayarta ke aure a Fagge, saboda haka duk fataken Kwari nan suke sauka. Ta ba mu burodi dogo mai tauri kamar sandar makiyayi, da wani farin tuwo mai tsami da suke kira akasa, da kifi, da yaji wanda ya sa na ga taurari da rana. Aka ba ni tabarma a ɗakin maza tare da 'yan Kano huɗu. Ranar Litinin ke nan, taro kuwa sai Alhamis. Na kwanta ina cewa wahala ta ƙare.

Talata da safe Alhaja ta leƙo ta kira Gwaggo can ƙuryar gidan, inda injin markaɗe ke ta ruri. Sun daɗe. Da Gwaggo ta fito idanunta sun yi ja, ta ce attaruhun garin nan ba shi da mutunci. Daga wannan lokaci, in da can hayaniya take yi, yanzu sai ta zama masifa.

Farko ta ce ba zan ƙara kwana a ɗakin maza ba, wai za su hana ni karatu. Ta sa aka kwashe kayana aka kai wani sito mai cike da dilolin atamfa, ba taga, sai warin sabon yadi. Na ce zafi zai kashe ni. Ta ce ba a taɓa jin wanda atamfa ta kashe ba.

Na fita na sayo layin ƙasar don in kira gida. Ina zaune ina ƙoƙarin sa shi, ta zo ta ce in ba ta wayar ta ga irin ta. Ta karɓa, ta juya, sai ji na yi tsulum, ta faɗa cikin bahon da aka jiƙa wanki. "Af!" in ji ta. Af kawai. Na tsamo wayata tana ɗigar ruwan sabulu, na ce to ta ara mini tata.

"Na yi magana da Innarka ɗazu," ta ce. "Ta ce ka mai da hankali a kan abin da ya kawo ka."

"Baba fa?"

"Kai, wai ba ka da aiki ne? Wa ya ce ka ajiye takalmi a nan? Alhaja! Zo ki ga inda ɗan boko ya ajiye takalmi!"

Aka kwashe rabin awa ana shari'ar takalmi.

Da la'asar na nufi masallacin Zango, sai ga ta a bayana, wai za ta sayi goro. A ƙofar masallaci na haɗu da wani dattijo ɗan Kwari, Alhaji Bala, wanda shi ma ya zo saro kaya. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya sassauta murya ya ce, "Malam Sagir, ashe kana nan. Ashe kuma..." Bai ƙarasa ba Gwaggo ta faɗo tsakaninmu kamar an jefo ta.

"Alhaji Bala! Kai nake nema! Shaddar da ka haɗa ni da ita bara, wanki ɗaya ta zuba! Ka ji tsoron Allah!"

Ta ja hannun rigarsa gefe tana zazzaga masa, mutane suka taru. Na hango bakinta ya matsa kusa da kunnensa, na ɗauka zagin da ba ta so a ji ne. Dattijon nan ya shige masallaci bai sake duban inda nake ba. Kunya ta kama ni har na rasa a raka'a ta nawa muke. Daga ranar ta ce in riƙa salla a sito, wai masallacin da nisa, alhali daga ƙofar gida ana hango shi.

Ranar Laraba ta ɗauko kujera ta dasa a bakin siton. Duk wanda ya nufo ni, ko gaisawa ce, sai ta tare shi da magana: farashin sefa kuɗin ƙasar, ciwon gwiwarta, rashin kunyar 'yan acaɓa. In ba kowa, sai ta yi da ni. Ina bitar jawabina, tana ba ni labarin yadda Baba ya taɓa gyara rediyon wani Bature ya ƙi karɓar ko kwabo, da yadda ya goya ta suka tsallake kwata ranar wani ruwan sama suna yara. Na lura ba ta taɓa abincin da aka kawo mata ba, na kuma lura muryarta ta fara dusashewa, na ce a raina alhamdu lillahi, ta kusa ƙarewa. Da abin ya ishe ni na ajiye takarda.

"Gwaggo, don girman Allah ki bar ni in ji da kunnena! Kin jiƙa mini waya, kin kulle ni a sito, kin kunyata ni a masallaci. Wallahi Baba bai kyauta mini ba da ya haɗa ni da ke."

Ta yi shiru. Tunda muka baro Kano ban ji ta yi shiru haka ba. Ta kalli ƙasa, leɓenta na motsi. Can sai ta ɗago ta ƙwalla wa wata mai tallar lemo kira, ta fara yi mata ciniki da faɗa.

Alhamis ta raka ni har wurin taron, kowa a bayan acaɓarsa, akwati na uku a cinyarta don ta ce ba ta yarda da riƙona ba. Ta zauna ƙarƙashin wata bishiya a waje. A ciki na tarar soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu, filogina kuwa mai ƙafa uku. Sai wani ɗalibi ɗan Togo ya ara mini mahaɗi, Allah ya saka masa. Na jera akwatuna, na ajiye wata ƙaramar rediyon Baba a gefe a matsayin mai laɓe. Na aika saƙo, rediyon ta kama shi tas, kowa ya ji. Na kunna akwati na uku, na sake aikawa. Saƙo ya isa kwamfutata lafiya lau, rediyon kuwa sai shuuu. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Cikin farfesoshin akwai wata tsohuwa mai farin gashi da ba ta tafa ba. Ta nuna akwati na uku da biro, ta ce, "Wannan shi ke ƙone batirinsa, kuma saƙon ba nasa ba ne. Me zai sa ya yarda?"

Na shirya wa wannan tambayar. Na ce ana biyan sa, ana ba shi dama ya aika nasa saƙon daga baya, na zana mata lissafin a allo.

"In kuma ba abin da za a ba shi fa?"

"To ba zai yi ba," na ce.

Ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Bayan sun tashi daga barcin ranarsu aka kira sunaye biyu. Nawa ne na biyu.

Na fito da gudu, takarda a hannu, ko akwatunan ban tsaya kwashewa ba. Gwaggo na nan inda na bar ta.

"Gwaggo, na samu! Ba ni wayarki in faɗa wa Baba. Yau kam ba wani takalmi!"

Ta buɗe baki, sai da na sunkuya sannan na ji abin da take cewa, don muryar ta tafi gaba ɗaya.

"Ka gama duka? Ba sauran wani abu?"

"Na gama."

"To zauna, Sagiru."

Tun ranar da na gama jami'a ba ta sake kirana da sunana ba. Na zauna a ƙasa, a kan ƙura, da wandon kwat ɗina.

"Talata da asuba," ta ce. "An kai shi kafin azahar. Shi ya bar wasiyya kar a faɗa maka sai ka gama."

Daga baya na ji hanyar da saƙon ya bi. A gida sun ji tsoron kiran Gwaggo kai tsaye, don wayarta irin mai ƙarar nan ce da na kusa ke jin komai, ni kuma kullum ina gefenta. Sai aka faɗa wa Oga Emeka, ya kira ƙaninsa mai shago a kasuwar Kwatano, shi kuma ya tako har Zango ya faɗa wa Alhaja, Alhaja ta faɗa wa Gwaggo a gindin injin markaɗe. Kafin azahar ta Talata duk gidan sun sani, har mai tallar lemo. Ni kaɗai ne ban ji ba, ni da na yi shekara huɗu ina karanta yadda ake hana mutum ji.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi, kuma har yau bai gama sauka ba. Ubana ne. Kwana uku ina cin kifi ina ƙorafin zafi, yana kabari. Na san ko an faɗa mini ba zan riski jana'iza ba, na san da na ji da ban iya tsayawa gaban allo ba, na san shi ya ce a yi haka. Duk na sani. Da na je shago kwashe kayan aikinsa, Oga Emeka ya riƙe kafaɗata ya ce, "Sagiru, ka yi fushi da ni, ni na aika. Amma kar ka yi da Hajiya Ladi. Kai babanka ne, ita ma fa yayanta ne." Sai a lokacin na tuna cewa kwana ukun nan ba wanda ya yi mata ta'aziyya da ƙarfi, ba ta samu ko ɗaki ta rufe ta yi kuka ba, tana bakin sito tana ciniki da mai lemo, ni kuma ina faɗa mata yayanta bai kyauta ba.

To masu tambayar yaya Kwatano, ga ta nan: akwai babura, akwai yaji, ana barci da rana. Gurbi kuma na samu, da amsar da na ba tsohuwar farfesa, wadda yanzu na san ba daidai ba ce.

Hanyar dawowa kwana biyu ce. Gwaggo ba ta yi faɗa da kwandasta ba, ba ta kula mai taga ba, wani mai tallar magani ya yi bayaninsa har ƙarshe ya sayar. Ni da na baro Kano ina roƙon Allah ya sa matar nan ta yi shiru, wajen Lakwaja na kasa jurewa, na taɓa hannunta na ce, "Gwaggo, ki yi magana mana. Ko labarin rediyon Baturen nan."

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta nuna maƙogwaronta, ta girgiza kai. Sannan ta ja mayafinta ta rufe akwati na uku da ke cinyarta, don rana ta fara shigowa ta taga.